Fihirisar da Ta Tsallake Gonar Ja'e

Na san kun taso kuna jin wata magana a gefe-gefe, cewa Baffanku Lawal bai bar aikin kotu da mutuncinsa ba. Ba wanda ya taɓa faɗa muku ita kai tsaye, amma Daura ba ta kai girman da magana za ta ɓace a cikinta ba, kuma na sha ganin yadda kuke yin shiru idan aka ambaci sunansa a wurin suna ko biki. Yanzu da furfura ta gama cin kaina, ba na so in tafi in bar ku da wannan shirun. Zan faɗa muku abin da ya faru a shekarar, yadda ya faru, ba ƙari ba ragi.

Yaya Lawal shi ne ɗan farin Inna, ni ne autanta. Mahaifinmu ya rasu ban san fuskarsa ba, saboda haka Yaya ne ya tsaya mini a kan komai, tun daga allo har jami'a. Rijistara ne a wata kotun shari'a a ɗaya daga cikin garuruwan masarautar nan, wadda ba zan ambaci sunanta ba. Kullum da safe yakan ɗaure jakarsa a bayan babur ya tafi, ya dawo bayan la'asar. Mutum ne marar yawan magana, mai kyan rubutu a ajami da boko, kuma duk faɗin yankin an san shi da abu ɗaya: idan ya ce a rubuce yake, to a rubuce yake, idan ya ce babu, ba wanda ke sake tambaya. Inna ba ta kiran sunansa saboda kunyar ɗan fari. Malam take ce masa, ko a gabansa ko a bayan idonsa.

Lokacin ba a daɗe da dawo da shari'ar Musulunci a jiharmu ba, kotuna sun cika maƙil. Mutanen da suka daɗe suna haɗiye damuwarsu sun fito neman haƙƙi, tsofaffin rigingimun gado da na iyakar gona duk sun farfaɗo. Kusan kowace ƙara sai an koma ga tsofaffin littattafan kotu, su kuwa suna jibge a wani ɗaki cikin buhuna, gara na ci ta ƙasa, rufi na yoyo ta sama. Yaya yakan yi kwana uku yana neman shari'a ɗaya, ya dawo gida yana tari. Ni kuma a lokacin ina koyar da ilimin kwamfuta a jami'a, ina neman abin da zan yi bincike a kansa don digiri na biyu. Wata Juma'a muna cin abinci a kwano ɗaya, kamar yadda muka saba duk lokacin da na zo gida, na ce masa zan iya zuba duk littattafan nan a cikin na'ura, ya riƙa samun abin da yake nema kafin shayi ya huce.

Ya dube ni ya ce, "Auta, littattafan nan amanar mutane ce. Na'urar taka tana riƙe amana?"

Na ce masa ta fi ɗan Adam riƙewa, don ita ba ta mantuwa. Inna tana gefe tana gyaran zogale, ta ce, "In dai zai rage wa Malam tarin nan, ka yi masa."

Bari in bayyana muku aikin a taƙaice, don ku gane inda ɓarakar ta shigo. Akwai wani tsarin rubuta bayanai a kwamfuta da ake kira XML. A cikinsa kowane bayani ana sa masa tambari a farko da ƙarshe, kamar yadda 'yan kasuwa ke rubuta wa buhu abin da ke cikinsa: wannan sunan mai ƙara ne, wannan na wanda ake ƙara ne, wannan irin shari'ar ce, wannan hukunci ne. Masu buga tafireta biyu na kotun suka shafe fiye da shekara suna kwafe littattafan cikin wannan tsari, Yaya na karanta musu na ajami. Sai dai XML yana da cin wuri, tambarin ma kan fi bayanin yawa, ita kuwa kwamfutar da aka ba kotun tsohuwa ce, ma'ajiyarta kaɗan, wuta kuma sai an tayar da janareta. Dole na matse bayanan, kamar yadda ake danne auduga a ɗaure ta. To amma abin da aka matse ba ya karantuwa sai an kwance shi, kuma kwance shi gaba ɗaya yakan sa kwamfutar ta sandare kusan rabin yini. Nan ne bincikena ya tsaya: yadda za a gina fihirisa, wato ɗan jagora irin na bayan littafi, wanda zai kai ka daidai ƙullin da kake nema, ka kwance shi shi kaɗai, sauran suna nan a ɗaure.

Fihirisa kuwa, ƙanƙantarta ita ce saurinta. Duk abin da ka ƙara mata nauyi ne. Sai na zauna na zaɓi abin da za ta sani: sunan mai ƙara, sunan wanda ake ƙara, irin shari'ar, da shekararta. Tsofaffin marubutan kotu suna da al'adar ƙara bayani a gefen shafi ko a ƙasansa, wani lokaci layi ɗaya, wani lokaci rabin shafi. Waɗannan ba su da tsari, ba su shiga kowane tambari ba, sai na haɗa su a ƙarƙashin tambari ɗaya na kira shi ƙarin bayani, na matse su tam, ban sa su a fihirisa ba. Suna nan a cikin na'urar, ba a zubar da ko harafi ba, amma idan ka yi tambaya ba za ta leƙa cikinsu ba. Na san haka sarai. Na ce wa kaina daga baya zan gyara. Da na gwada, amsa tana fitowa kafin ka ɗauke yatsa daga maɓalli, malamina a jami'a ya yaba, alƙali da kansa ya zo ya tsaya a bayan Yaya yana kallo yana jinjina kai. Ban gaya wa Yaya abin da na bari a waje ba. Ban ga dalilin ɓata masa farin ciki ba, haka na gaya wa zuciyata.

Ana gab da faɗuwar damina wata Bafillatana mai suna Adama ta zo kotun. Mijinta, wanda kowa ya sani da Ja'e, ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da 'yan shanu da gona ɗaya a gefen rugarsu, wadda suka daɗe suna nomawa. Sai ga wani mutum ya dawo daga Kudu bayan shekaru masu yawa, ya ce gonar ta mahaifinsa ce, aro aka ba Ja'e. Ya kawo dattawa biyu da suka shaida cewa sun san gonar a hannun mahaifinsa. Ba na zargin mutumin nan da ƙarya, ya bar gida tun yana matashi, abin da ya sani ke nan. Adama ta ce saye aka yi, kuma a kotun nan aka rubuta. Waɗanda suka halarci cinikin duk sun rasu, takardar da aka ba mijinta kuwa ta tafi a wata gobara. Daɗewar gonar a hannunsu ba ta isa hujja ba, tunda mai da'awar ba ya gari duk tsawon lokacin. Saboda haka komai ya rataya a kan littafin kotu, alƙali ya umarci Yaya ya duba.

Ranar ina gida hutu, na bi shi ofis. Ya buga sunan Ja'e, babu. Ya tambayi matar sunan yankan mijinta, ta sunkuyar da kai, don ba ta iya ambatarsa, sai wani ɗan'uwan mijin ya faɗa. Ya buga, aka sami masu irin sunan da yawa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, babu cinikin gona a ciki. Ya buga sunan mahaifin mai da'awa, babu. Ya nemi duk cinikin gona na waɗannan shekarun, babu nata. Adama tana zaune a bakin ƙofa a kan takalminta, ta ce da shi cikin Hausarta mai gargada:

"Malam, uban yaran nan ya ce mini an rubuta. Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ka duba da hannunka."

Yaya ya miƙe ya ɗauki makullin ɗakin buhunan. Na san in ya shiga zai yi mako biyu ko uku a ciki, ga tarin da bai daɗe da barinsa ba. Amma ba tausayinsa ne kawai ya sa na yi magana ba. Masu tafireta suna kallo, masinjan kotu yana kallo, na ji kamar ana cewa aikina na shekara biyu bai kai buhun da gara ta ci ba. Na ce masa:

"Yaya, duk abin da ke cikin buhunan nan yana cikin na'urar nan. In babu a nan, babu a can."

Ya ce, "Ka tabbata, Auta?"

Na ce, "Na tabbata."

Ya mayar da makullin aljihu. Washegari ya tsaya a gaban alƙali ya ce ya duba, babu cinikin a littafin kotu. Da yake Lawal ne ya faɗa, ba wanda ya sake tambaya. Mai da'awa ya yi rantsuwa, aka ba shi gona. An ce Adama ba ta yi kuka ba, ta gyara lulluɓinta ta fita. Kafin a yi shuka ta kwashe 'ya'yanta da shanunta, ta bi ta Mai'adua ta tsallaka Nijar wurin danginta.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi na koma jami'a ina kammala rubutun bincikena. Ina bukatar in auna bambancin lokaci tsakanin neman abu ta fihirisa da nemansa bayan an kwance komai, don in nuna saurin aikina. Sai na kwance kwafin da ke hannuna gaba ɗaya a babbar kwamfutar sashenmu. Ina neman kalmar da zan yi gwaji da ita, sunan Ja'e ya faɗo mini a rai, na buga. Da rana tsaka ne, ɗalibai na hayaniya a waje. Amsa ɗaya ta fito. Shari'ar rabon gado ce, wadda wasu mata biyu, yayyen mai da'awar, suka kawo a kan baffansu, shi ya sa sunayensu ne kawai fihirisa ta sani. A ƙasan shafin, a cikin abin da na kira ƙarin bayani, tsohon marubucin ya rubuta cewa magada sun amince an sayar da gonar da ke yamma da burtali ga Ja'e, an ajiye rabon ɗan'uwansu da ba ya gari a hannun baffansa, ga sunayen shaidu uku. Layi huɗu ne kacal. Na karanta su har na haddace.

A nan ne laifina na gaskiya ya fara, don na farko ana iya ce masa kuskure da girman kai. Lokacin ɗaukaka ƙara bai wuce ba tukuna. Da na shiga mota a ranar na je na gaya wa Yaya, da an aika an nemo matar, da an gyara. Amma saura mako uku in kare bincikena a gaban malamai, kuma a shafin farko na rubuta cewa tsarina yana ba da amsa cikakkiya ba tare da rasa komai ba. Na ce bari in kare tukuna. Da na kare, aka tafa mini, na ce bari a fitar da sakamako. Da aka fitar, lokacin ɗaukaka ƙara ya wuce, sai na ce ai yanzu faɗar ba ta da amfani sai tayar da hankali. Na je kotun a wani ƙarshen mako na gyara fihirisar ta riƙa leƙa ƙarin bayani, na ce wa Yaya ɗan inganta ta na yi. Haka mutum yake haƙa ramin kansa da cokali.

A ƙarshen daminar rufin ɗakin buhunan ya rufta, aka fitar da littattafan ana shanyawa a farfajiyar kotu. Wani dattijo daga ƙauyen su Adama, wanda ya iya karatun ajami, ya zo wata shari'ar daban, yana jiran a kira shi yana duba shafukan da iska ke buɗewa, idonsa ya faɗa a kan sunan Ja'e. Kafin sallar la'asar maganar ta zagaye garin, kafin Juma'a ta iso Daura. Ba wanda ya ce na'ura ce ta yi kuskure, don mutane ba su san na'ura tana kuskure ba. Abin da aka ce shi ne an toshe wa rijistara baki ya ɓoye shafi. A shekarun nan da kowa ke ganin an kawo ƙarshen zalunci, irin wannan zargi ya fi wuta ƙuna. Aka kira Yaya gaban manyansa, aka tambaye shi yadda aka yi. Ya ce shi aka umarta ya duba, shi ya ce babu, saboda haka laifin nasa ne. Bai ambaci kwamfuta ba, bai ambace ni ba. Ba a same shi da karɓar komai ba, amma aka ba shi shawarar ya ajiye aiki, ya ajiye. Aka aika neman Adama don a sake duba shari'ar, ɗan aiken ya dawo ya ce sun tashi daga inda aka san su, sun yi arewa da shanu.

Gidanmu ya canza murya. Masu zuwa wurin Yaya da safe ya rubuta musu takardar shaida ko ya raba musu gardama suka ɗauke ƙafa. A masallacin unguwa, inda yake jan salla idan liman ba ya nan, sai aka fara tura wani gaba. Ya koma gona, mutumin da hannunsa bai saba da komai ba sai alƙalami. Inna ta rame. Wata rana na same ta a tsakar gida tana tankaɗe, ta ce da ni ba tare da ta ɗago kai ba:

"Auta, kai da ka yi karatu mai zurfi, ba yadda za a yi a wanke Malam? Ni na haife shi, na san bai ci ba."

Na ce mata Allah zai bayyana gaskiya. Ta ce amin. Ta rasu bayan shekara biyu tana jiran bayyanar, alhali gaskiyar tana zaune a gabanta tana cin tuwonta. Mahaifiyarku ta sha tambayata abin da ya sa na rage zuwa Daura, kuma in na je ba na iya haɗa kwano da Yaya, nakan ce na ƙoshi. Aiki nake fakewa da shi. A wannan tsakanin an ƙara mini girma, an gayyace ni tarurruka in yi bayanin yadda ake binciken bayanan da aka matse, nakan tsaya in yi, a tafa.

Shekara tara na ɗauka kafin in buɗe baki. Ciwon ƙirji ya kwantar da Yaya, na je na same shi da hantsi a zaure, an jingina shi da matashi. Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa na faɗa masa komai, tun daga abin da na cire daga fihirisa har ranar da na ga layukan nan huɗu na yi shiru. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce:

"Ranar da ka zo ka ce ka inganta na'urar, bayan ka tafi na buga sunan Ja'e, ya fito. Tun ranar na sani."

Na ce, "Yaya, ka sani, ka bari aka ci mutuncinka?"

Ya ce, "A ranar na gaya wa alƙali akwai kuskure, ya ce lokaci ya wuce sai dai in matar ta dawo da kanta. Da maganar ta fashe kuma, in na ce kai ne, an kashe maka aiki, ita kuma ba a dawo mata da gona ba. Kuma ai ni na mayar da makullin aljihu. Matar ta ce in duba da hannuna." Ya yi tari mai tsawo, sannan ya ce, "Abin da ya yi mini ciwo ba maganar mutane ba ce. Duk Juma'ar da ka zo ina cewa yau zai faɗa mini. Nawa na yafe, Auta, duniya da lahira. Amma ba ni kaɗai kake riƙe wa haƙƙi ba."

Bai kai azumin shekarar ba. Bayan addu'ar bakwai na tsaya a masallacin unguwa na faɗi gaskiya a gaban waɗanda suka halarta. Wasu sun ji, wasu sun ce kara nake yi wa mamaci, wasu da suka fi yaɗa zargin sun riga sun rasu da shi a bakinsu. Ƙarya ta yi shekara tara tana tafiya, tawa gaskiyar ta fito da sanda.

Daga nan na shiga neman Adama. Na buga shafin a takarda, na riƙa zuwa kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ina bin dillalan shanu ina tambaya. Sai a zuwa na biyar aka nuna mini wani mutum dogo, riƙe da sanda a kafaɗa, aka ce babban ɗan Ja'e ne. Na ja shi gefe zuwa inuwar wata bishiya na gaya masa ko ni wane ne da abin da na yi. Na ce masa wanda aka ba gonar ya rasu, amma na yi magana da 'ya'yansa, kuma a shirye nake in tsaya a kotu in ba da shaida. Ya ce mini mahaifiyarsu ta rasu shekara uku da suka wuce, can cikin Nijar, ƙannensa sun watse, shi kuma ya bar noma tun tuni, ba zai dawo ya tayar da wasu marayun daga gona ba. Na miƙa masa takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya mayar mini.

Ya ce, "Ban iya karatu ba. Karanta mini."

Na karanta masa layukan nan huɗu a tsakiyar kukan shanu da cinikin dillalai. Ya ce in sake, na sake. Sai ya karɓi takardar ya ninke ta a hankali, ya cire hularsa ya sa ta a ciki, ya mayar.

Ya ce, "Har ta rasu tana cewa an rubuta. Mu 'ya'yanta ma mun daina yarda da ita."

Ya gyara sandarsa ya koma wurin shanunsa. Bai ce ya yafe ba, ni kuma ban ga fuskar da zan roƙe shi da ita ba.